Jan Dutse a Murhu

Ku gyara zama, ga wata nan ta iso gare ku. Ba ta kura da ɗan akuya ba ce, ta mutane ce masu ci da sha irinku. Wanda ya san ba ya iya gardama ya tashi tun yanzu ya ba wani tabarma, don in na kai ƙarshe kowa sai ya faɗi nasa, kuma ba na karɓar "ai duk ɗaya ne." Wannan amsar ragwaye ce.

Akwai wani gari da ake kira Tungar Faru, a ƙasar jigawa. Yashi ne ko'ina, sai ka yi tafiyar yini ba ka yi tuntuɓe da dutse ba. Wata shekara 'yan bindiga suka auka wa garin, suka ƙone rumbuna, suka kore dabbobi, mutane suka watse da abin da ke jikinsu. Da aka matsa wa maharan sai suka bar garin, amma ba su tafi salin alin ba. Sai da suka bi hanyar rijiya da hanyoyin gonaki suka binne nakiya, irin wadda ke kwanciya shiru cikin ƙasa tana jiran ƙafa. Ni dai ban san rashin imanin da ya kai wannan ba. Mai harbi ko ba komai yana ganin wanda ya harba, amma mai binne nakiya bai ma damu ya san wanda zai taka ba, tsohuwa ce ko jaki.

Mutanen Tungar Faru suka tare a sansanin 'yan gudun hijira, damina na zuwa tana wucewa. Masu agaji sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu da alheri: ga tanti, ga masara, ga magani. Amma manomin da aka ce ya bi layi da buhu a hannu kafin ya ci tuwo, ko ya ƙoshi akwai inda ke masa ƙaiƙayi, kuma hannunsa ba ya kaiwa wurin. An sha yi musu tayin a ba su fili kusa da birni su manta da can. Wasu suka karɓa, ban ga laifinsu ba. Mafi yawa suka ce a'a.

A cikin masu cewa a'a akwai wata mata, Laure, gajera, kan nan nata kamar ƙwallon goriba. Mijinta Tanimu ya taɓa satar jiki daga sansani ya je duba gonarsa, ya taka nakiya, aka dawo da shi a amalanke da ƙafa ɗaya. Laure ta yi jinyarsa, ba wanda ya ga hawayenta. Irin geron gidansu da ta ƙulle a bakin zane ranar gudu, shi take shukawa a bayan tanti kowace damina, 'yan karare kaɗan, don kada irin ya mutu. Da ta samu ciki bayan dogon jira, sai ta faɗa a gaban mata, wurin famfo, cewa ba za a binne mabiyiyar abin da ke cikinta a bayan tanti ba. A Tungar Faru za a binne ta, inda aka binne tata.

Mata suka ce, "Laure, ki rufa wa kanki asiri. Ba ki ga abin da garin nan ya yi wa mijinki ba?"

Ta ce, "Ba gari ne ya yi masa ba. Su da suka binne abinsu, gonar ubansu ce? Su ne baƙi. Ni 'yar gari ce."

Laure tana da ƙawaye uku, tare suka tashi, tare suka koyi daka. Zaman sansani ya sa kowacce ta kama wani abu. Barira, mai muryar da ake ji daga bakin kasuwa, ƙungiyar agaji ta ɗauke ta aikin wayar da kai. Ita ke bin tanti-tanti da lasifika tana koya wa mutane cewa in ka ga abin da ba kai ka ajiye ba, kar ka taɓa, kar ka matsa, ka kira. Yahanasu, wadda sai ta yini ba ta ce uffan ba, ta shiga cikin masu tonon nakiya, ta koyi aiki da na'urar da ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa. Tabawa kuwa jikar ungozoma ce, aka ƙara mata horo a asibitin sansani, aka ba ta akwatin kayan haihuwa. Sai dai Tabawa tana da wani ciwo da kowa ya sani. Ita ta tattara gawar ƙanenta a zane ranar da ya taka nakiya, tun daga nan ba ta iya sa ƙafa inda ba ta ga sawun wani ba.

Da masu tonon nakiya suka tsabtace cikin gari da hanyar rijiya, aka ce wanda ke so ya koma, amma gonaki tukuna. Laure ce ta fara hawa mota, ciki ya tsufa, Tanimu na biye da sandarsa. Don a raba inda aka gama da inda ba a gama ba, masu aikin suka kawo duwatsu a tifa daga nesa, suka shafa musu jan fenti, suka jera su a bakin duk wurin da ba a taɓa ba. Doka ɗaya ce: jan dutse ba a tsallake shi. Ranar da suka gama wuri, su da kansu ke kwashe duwatsun su kai gaba. Barira ta rera wannan a waƙa har yara suka haddace.

To, ga inda abin ya ɓaci. Matan Tungar Faru sun dawo sun tarar da murhun kowacce, da yake na yumɓu ne, ruwan shekaru ya narkar da shi. Mace kuwa ba ta ɗora tukunya a iska. Ga kuma duwatsu nan kyawawa, kai ɗaya, an jera su kamar an san ana nema, a garin da ko dutsen niƙa sai an sayo daga wata ƙasa. Wata tsohuwa, Goggo Indo, ta zagaya bayan tsamiya, bakin hanyar gonakin gabas inda ido ba ya kaiwa, ta ce uku kacal za ta ɗauka, ai layin da tsawo. Maƙwabciyarta ta gani, ita ma uku kacal. Ta kusa da ita ma haka. Kar ku yi musu dariya da yawa, ku da kuke zaune nan, na san da yawanku da sun ɗauka har da na ajiya. Wuta ta baƙanta duwatsun, ba wanda ya lura. Kafin a ankara, layin bayan tsamiya ya yi giɓi da faɗin ƙofar zaure.

Hadari ya fara haɗuwa da la'asar yana watsewa. Lokacin binne ke nan, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Kowa a garin yana kallon sama yana haɗiyar yawu, ga gona ana hange, ba damar shiga. Wata safiya Laure ta fita neman itace, sai ta ga hanyar gonarsu ta bayan tsamiya a buɗe, ba jan dutse. Ta san doka sarai: in an kwashe, an gama. Ya kamata ta tambaya, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya daɗe yana jiran abu, in ya ga ƙofa a buɗe ba ya tsayawa neman wanda ya buɗe. Ta koma gida, ta ɗauki sungumi da ƙwaryar iri, ta ce wa Tanimu, "Malam, an buɗe mana gona."

Ya ce, "Ki bari mana a samu mai taya ki, ga ki ga nauyi."

Ta ce, "Nauyin ne ke so ya ga gonar ubansa."

Ta shiga, ta yi nisa, tana sara tana jefa iri tana rufewa da diddige, zuciyarta fari ƙal. Rabonta da irin wannan farin ciki tun kafin gudu. Yadda ta kai inda ta kai ba ta taka komai ba, wannan sai Wanda Ya tsare ta.

Ga ta farko cikin ƙawayen nan uku. Barira ta shiga gidan Goggo Indo ɗiban wuta, ta sunkuya, sai ta ga wani ja-ja a gefen dutsen murhu inda hayaƙi bai rufe ba. Ta ce, "Goggo, ina kika samo wannan?" Tsohuwa ta fara kame-kame. Barira ba ta jira ƙarshen maganar ba, ta fizgi lasifikarta ta zura bayan tsamiya da gudu. Ta ga giɓin, ta ga sawun mutum ɗaya ya shiga, can tsakiyar gona ta hango Laure ta ɗaga sungumi. Ta ce, "Laure, tsaya cak. Kar ki sauke shi, kar ki ɗaga ƙafa. Ba a gama gonar nan ba." Da wani ne ya faɗa, da Laure ta ce masa ya je ya ji da gabansa. Amma muryar Barira ce, kuma ba ta taɓa jin ta haka ba. Ta dubi ƙasa. Gaban babban yatsanta, bai fi taƙi ɗaya ba, wata 'yar waya ta leƙo daga yashi, daidai inda sungumin zai sauka.

Kun san halinmu, in aka yi kururuwa kowa sai ya kawo ɗauki. Gari ya taso, maza da mata, kowa na so ya shiga ya fito da ita, Tanimu a gaba yana dogara sanda yana kiran sunanta. Da sun shiga, da ranar an yi jana'izar da ba a taɓa yi ba. Barira ta tsaya a giɓin ta ware hannuwa, ta ce wanda zai wuce sai dai ya bi ta kanta. Ta riƙe rigar Tanimu, ya zage ta. Ta ce, "Ƙara wani zagin, Tanimu. Ƙafa ɗaya ka ba su, ba za ka ba su ɗayar a gabana ba." Ta sa aka kira masu aikin a waya, ta kora jama'a baya.

Sannan ta juya ga abin da ya fi wuya, wato tsayar da mace mai tsohon ciki wuri ɗaya cikin rana, ba zama ba motsi. Firgici ya tayar wa Laure da naƙuda. Ta kafa sungumin a ramin da ta riga ta sara, ta dogara da shi, gumi na zuba, maƙogwaro ya bushe. Duk sanda ciwon ya murɗo sai ƙasa ta yi mata kamar tana kiranta. Tsoro ta ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar gudu, don ranar gudu ƙafa ce ta cece ta, yau kuwa ƙafar ce ajali. Ta ce za ta ɗan zauna. Barira ta san lallashi ba ya kama Laure. Sai ta ce mata, "Ke ce mai bakin cewa su ne baƙi? To ga shi sun shimfiɗa miki tabarma, zauna mana, 'yar gari." Laure ta miƙe ƙyam, ta ce, "Allah Ya fitar da ni, sai na yanke harshen nan naki." Haka suka yi ta yi, Barira na tsokana ana rama mata, ta tono wa Laure duk abin kunyar ƙuruciya a gaban jama'a, tun daga satar ƙuli-ƙuli har zuwa samarin da suka gudu. Batirin lasifika ya mutu, ta ci gaba da maƙogwaronta har ya tsage. Muryar nan da ake ji daga kasuwa ba ta dawo ba, a dishe take magana tun daga ranar.

Ga ta biyu. Masu tonon nakiya suka iso daga ɗaya gefen gari. Shugabansu ya duba wurin, ya ce aikin na mutum ɗaya ne, kuma ba za a bi sawun Laure ba don iska ta riga ta ɓata shi, sai an share sabuwar hanya. Yahanasu ta ce ita za ta shiga. Ya ce ai ƙawarta ce, hannunta zai yi rawa. Ta miƙa masa hannun ya gani. Ta sa sulke, ta rufe fuska da gilashi, ta durƙusa a bakin giɓin. Gonar kuwa cike take da ƙarfe: kwanson harsashi, guntun fartanya, ƙusar amalanke. Duk kukan da na'ura ta yi sai ta tsaya, ta tone a hankali daga gefe kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri, ko da ta san wataƙila tsohon gwangwani ne. Daga nesa mutane na jin nishin Laure, suna ganin Yahanasu na jan gwiwa kaɗan-kaɗan. Suka fara zaginta. Uwar da ta haife ta ta ce, "Yahanasu, ki ji tsoron Allah ki yi sauri, ƙawarki za ta faɗi." Ko kai ba ta ɗaga ba. Ita kanta Laure, da take kallonta tana tahowa, sai da ta ji ta tsane ta. Ni kuwa na ce a ranar nan ba wanda ya kai Yahanasu shan baƙin ciki, don ita ma kunnenta na jin Laure, kuma ta san sauri shi ne ajalinsu duka.

Tsakiyar tafiya Yahanasu ta tarar da nakiya ɗaya, kwance a kan miƙaƙƙiyar hanya, daidai inda mai gudun kai ɗauki zai bi. Ta sa alama, ta karkata, aikin ya ƙara tsawo, zagin ya ƙaru. Rana ta take tsaka, yashi ya ƙona mata gwiwa ta cikin wando har fata ta tashi. Da ta iso kusa, Laure ta miƙo hannu za ta riƙe ta. Ta ce, "Kar ki taɓa ni tukuna. Kalli tsamiya." Ta kwanta rubda ciki, fuskarta gab da wayar nan, ta bi gefen ƙafafun Laure, ta killace wurin, ta share mata fili ta baya da faɗin tabarma. Sannan ta ce, "Yanzu durƙusa." Iyakar maganarta ke nan tun da ta shiga gonar.

Ga ta uku. Laure ta durƙusa, ba ta sake iya tashi ba, don faya ta fashe tun tuni, kai ya sauko. Ba damar a ɗauke ta, nan za ta haihu, Yahanasu kuwa ba ta san komai a harkar haihuwa ba. Aka waiwayi Tabawa. Tana tsaye da akwatinta a ka. Hanyar da aka share ba ta fi kamu ɗaya ba, dama da hagu ba wanda ya san abin da ke kwance, ga alamar wadda aka tarar can kowa na gani. Shugaban masu aikin ya ce ba zai tilasta ta ba. Wata mata ta ce a ƙyale ta, kowa ya san ciwonta. Tabawa ta sauke akwati, ta yi amai a gindin tsamiya, ta goge baki, ta sake ɗauka. Ta ce, "Sun ci ɗan'uwana. Ba za su ci wannan ina kallo ba." Ta sa ƙafa. Barira da Yahanasu an koya musu yadda ake zama da abin nan. Ita tsoronsa kawai ta sani, kuma da tsoron ta yi tafiyar har ta isa.

Yarinya ce. Ta fito shiru, cibiya naɗe a wuya, jikinta ya yi toka-toka. Laure ta ce, "Tabawa, ban ji kuka ba."

Ta ce, "Za ki ji. Rufe mini baki."

Ta warware cibiyar, ta share mata hanci da baki, ta murza bayanta da zane, shiru. Ta ɗauko 'yar robar numfashi da aka ba ta a asibiti ta yi ta matsawa, a wurin da in ta ja gwiwa baya da yawa ba wanda ya san me zai faru. Can yarinya ta tsanyara kuka, har gindin tsamiya aka ji. Mata za su yi guɗa ke nan sai jini ya ɓalle wa Laure, irin wanda ke tafiya da mace kafin a kai ta ko'ina. Tabawa ta miƙa wa Yahanasu jaririya, ta yi wa Laure allura, ta danne mata mara tana murzawa, tana kiran sunanta kada ta lumshe ido, har jinin ya tsaya. Da la'asar aka fito da su ta siririyar hanyar nan, uwa da 'ya, duka da rai. A bakin giɓin ne mutane suka fara ganin hawayen Laure, kuma ba ta ɓoye ba.

Washegari jami'ai suka zo da motoci, suka ce abin da ya faru ya nuna garin bai zaunu ba, kowa ya koma sansani sai an gama gonaki. Ba mugunta ce ta kawo su ba, tsoron asarar rai ne. Laure ta sa aka ɗaga mata labule, daga kwance ta ce, "Ranku ya daɗe, jiya aka binne mabiyiyar 'yata a bayan ɗakin nan. In za ku mai da ni sansani sai ku tono ta ku haɗa mu. Laifinmu mun gani, za mu gyara. Amma ba za mu gudu sau biyu don 'yan bindigar nan ba." Ba ta rufe baki ba sai ga matan gari ɗaya bayan ɗaya, kowacce da baƙin dutse a ka, Goggo Indo a gaba idonta a ƙasa, suka zube su gaban masu aikin. Aka yi doguwar magana, a ƙarshe aka bar su, bisa sharaɗin ba mai taka gona sai ya ji daga bakin masu aiki, ko da ya ga hanya a buɗe. Binne ya wuce su a shekarar, suka ce ba komai, gero bai ƙare a duniya ba. Tifar da ta zo daga baya, rabin duwatsunta ba a shafa musu fenti ba, aka ce na mata ne.

Saura suna. Tanimu ya ce wa Laure, "Ke kika sha wuya, ke za ki zaɓa." Ta ce ita ba ta san wani suna a duniya ba sai na ƙawayen nan uku, dole a yi wa ɗaya takwara. Amma wace? Ta juya ta juya ta kasa, in ta kama wannan sai waccan ta tsaya mata a rai. Wani mai son sulhu ya ce a haɗa duka. Liman ya ce suna ɗaya ake raɗawa, kuma ko an jera goma, ɗaya za a riƙa kira. Gari ya rabu uku.

Masu goyon bayan Barira suka ce da ba ta gane jan dutsen ba, da sungumi ya sauka, da ba wadda za a share wa hanya, ba wadda za a karɓi haihuwarta. Ita ta tare gari, ita ta riƙe Laure tsaye, ta biya da muryarta, alhali muryar ce sana'arta. Aka ce musu ai wayar da kai aikinta ne, kuma a gabanta aka kwashe duwatsun ba ta sani ba, ƙafarta ma ba ta tsallake giɓin ba.

Masu goyon bayan Yahanasu suka ce ihu ba ya tone nakiya. Ko Barira za ta shekara tana magana, ƙarshenta Laure faɗuwa za ta yi. Yahanasu ce ta kwanta da fuskarta gab da abin, ta haɗiye zagin uwarta, ta ƙi sauri a ranar da kowa ke son sauri. Aka ce musu ai da sulke ta shiga, abin da ta koya ke nan, kuma da ita kaɗai ce, da gawa biyu ta fito da su ta kyakkyawar hanyarta.

Masu goyon bayan Tabawa suka ce waɗancan mace mai ciki suka ceta, ita ce ta mai da ita uwa da 'ya. Numfashin yarinyar daga hannunta ya fito, kuma sunan na yarinya ne, ba na Laure ba. Jarumi in ya shiga wuri ba labari ba ne, labari shi ne matsoraci ya shiga. Aka ce musu ai hanyar da ta bi wata ce ta share, matar da ta tarar da rai wata ce ta tsayar da ita.

Su ukun kuwa kunya ba za ta bar su shiga gardamar ba. Ranar suna da safe ma ba su wurin. Barira na bin gidaje tana leƙa ƙarƙashin tukwane, Yahanasu na durƙushe a gonakin gabas, Tabawa an kira ta wata naƙuda a ƙarshen gari. Rago na ɗaure, wanzami ya wasa aska, liman ya naɗe ƙafa, maza sun cika ƙofar gida. Tanimu ya dogara sanda ya leƙa ɗaki, ya ce, "Laure, mutane na jira." Laure ta dubi yarinyar da ke barci a cinyarta. Waɗanda suka binne abin nan jana'iza suka shirya wa Tungar Faru, sai ga shi suna ake yi, kuma sunan kaɗai ya rage.

To, ni nan na sauke kayana, ku ɗauka. Wadda ta tsayar da ita, wadda ta share mata hanya, da wadda ta karɓi 'yar: sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?